Haƙorin Tangaran da Ya Ɓace

"Likita, ta haɗiye haƙorina!" na ce, ina rungume da 'yata mai wata goma.

Na tangaran ne. Ranar da aka liƙa mini shi, likitan haƙori ya ce kada yawu ya taɓa gam ɗin sai ya kama. Ni kuwa ina jin kukanta na diro daga kujera. Yau muna ci a kwano ɗaya ya fita, na lalube ko'ina ban gan shi ba.

Aka ɗauki hoton cikinta. Babu komai.

"A sake dubawa," na ce.

Likita ta kalli giɓina, ta nuna gadon hoton.

"Maman yarinya, miƙa wa babanta ita. Hau."

Ga shi can a cikina, fari tas.