Mujiyar Kogon Kuka

Ina ɗan shekara tara lokacin da Inna ta kwanta ciwo a Sifawa. Matan gidanmu suka ce mujiyar da ke kogon kukar bayan rumbunanmu ita ke kiranta. Bayan la'asar na ɗauki danƙo, na iske ta tana barci, na harbo ta.

Na jawo ta ta ƙafa zuwa zaure, inda Baba ke tufkar igiya. Na ɗauka zai sa mini albarka.

Ko tashi bai yi ba. "Mi ta yi maka?"

Na ɓoye danƙon a bayana.

"Wawan banza! Ita ka cin kusa, kusa ka cin gero, mu ka cin abin da sunka rage. Yanzu wa za ya tsare rumbu? Kai?"

Ya sa ni na kai ta gindin kukar. Ya farfasa wani busasshen curi da ta amayar, ya zuba mini a tafin hannu: gashi da ƙananan ƙasusuwan kusa, wato ɓeraye. "Ƙirga," in ji shi. "Aikin da yaf fi ƙarfinka ke nan."

Inna ta rasu bayan sati biyu. Kusa kuma suka ci rabin geronmu a shekarar.

Jiya ɗiyata tana haddar darasin muhalli, tana maimaita "sarƙar abinci", sai na ji tafin hannuna ya yi nauyi. Har Baba ya bar duniya ban gaya masa dalilin da ya sa na harbe ta ba, shi ma bai sake tambaya ba.