Kujerar Bayan Babur

"Mama, hau mana a ɗauke ku hoto!" in ji babban ɗanta, yana goge tsohon babur ɗin da ya kai aka gyara.

Ba ta motsa daga bakin ƙofa ba. Maigidan ya riga ya haye, tumbinsa ya kwanta a kan tankin mai, sai murza hannun babur ɗin yake yi. Hayaƙi ya cika tsakar gida.

"Wannan da kuke gani ko madubi ba shi da shi, da ƙafa ake tayar da shi," yake gaya wa jikoki. "Amma lokacin ina soja, da an ji ƙararsa a bariki, sai mata su fito da gudu. Ku tambayi kakarku!"

Aka kwashe da dariya.

Gaskiya ne, suna fitowa. Shi ake aikowa da labarin waɗanda suka mutu a bakin daga. Kowace mace takan tsaya dafe da ƙirji, tana roƙon Allah ya wuce ƙofarta.

"Haba uwargida, yau kuma kunya?" Ya bubbuga kujerar baya. "Da shi fa na samo ki."

Ta dubi kujerar. A nan ya ɗauro takalman mijinta na fari, ranar da ya kawo mata labarin mutuwarsa. Tana birgima a ƙasa, shi kuwa yana gyara hula yana ƙare mata kallo.

Ta tofar da yawu.

"Ba wuri," ta ce. "Da mutum a kai."