Shayin Ciwon Sukari

Kun ga saurayin nan zaune a unguwar Bukoki da takardar diplom ba aiki, kuka kau da kai. Sai ya shiga tallar kayan wasu a intanet don kamisho. Shayi ne da bai taɓa gani ba, wai yana warkar da ciwon sukari. Ya naɗi muryarsa yana tallarsa, ya watsa.

Da kamishon ciniki na farko ya shigo hannunsa, ya ruga gida da albishir, ya tarar da Inna kwance, leɓɓanta a bushe.

"Inna, ina allurar sukarinki?"

"Na bari, auta. Muryarka na ji a wayar maƙwabciya, na sayi shayin. Kai ba ka ƙarya."

Muryar tana cikin wayoyinku. Ku goge ta, ku kira duk wanda kuka tura wa.