Duwatsun Madam Pruitt

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara rufe garinmu, Duane Halvorsen ya kulle injinan yankan ciyawarsa a gareji, ya shigo gida ya sanar da matarsa Marlys cewa bana ba zai yi zaman banza ba.

Shekara talatin yana gyara wa mutane farfajiya: ciyawa, furanni, shinge. To amma a jihar Minnesota ta Amurka, daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasa daskarewa take kamar siminti, ba mai neman mai lambu. Duane kuwa bai iya zama ba. Cikin mako guda ya wasa duk wuƙaƙen kicin har Marlys ta yanke yatsa sau biyu. Ya jera kwalaben kayan yaji bisa tsayi. Ya koya mata ninke tawul, ita da ta shekara arba'in tana ninkewa. Furen da ta gada daga uwarta, ya yi masa aski har ya koma kamar tsohuwar tsintsiya.

"Kin ga amfanin namiji a gida?" ya ce.

"Na gani," in ji Marlys.

Abin da ke cinsa a rai daban ne. Aikin share ƙanƙara, wanda ke riƙe su a irin wannan lokaci, wani sabon kamfani ya kwashe shi kaf. Ga ma'aikatansa biyu: Curt, mai ciwon gwiwa da surutu, da Rosendo, wanda matarsa ke da tsohon ciki. In Janairu ya shigo ba aiki, dole ya sallame su.

Sai ga saƙon imel daga wata Madam Pruitt. Tana da gida a bakin tafki, tafiyar awa guda daga gari. Ita tana Arizona shan rana, makulli na ƙarƙashin tukunyar fure. Tana so a kwashe tarin duwatsun da ke gabas da gidan a mai da su yamma. Ta biya tun kafin a fara. Sharaɗinta ɗaya: mai kamfanin da kansa ya tsaya a kan aikin, daga safe har yamma.

"Mace mai sanin darajar ƙwararru," in ji Duane.

Kwana goma suna fasa ƙanƙara da diga, suna tura baro, gashin bakinsu na daskarewa. Da suka gama, saƙo ya zo: duwatsun sun tare mata kallon tafki, a kai su arewa.

"Oga, ta ina take kallon tafkin daga Arizona?" Curt ya tambaya.

"Ɗauki baro, ka bar falsafa."

Daga nan abu ya zama kamar wasan yara. A rataya fitilu a kan itatuwa. A sauke su, sun yi kama da gidan giya. A ƙirga itatuwan. A sake ƙirgawa, ba ta yarda da Curt ba. A lulluɓe kowane ɗan tsiro da buhu, a ɗaure da jan zare, ba shuɗi ba. Ranar da Duane ya tashi daga aiki ƙarfe biyun rana don hancinsa ya daina jin komai, washegari ya tarar da saƙo: ta ji an ce wasu sun fara gajiya da wuri, ko tsufa ne?

Kullum da yamma, a kan abinci, Madam Pruitt ce gishirin hira.

"Matar nan mayya ce, Marlys. Na rantse mijinta da gangan ya mutu."

"Wataƙila yana nan da ransa," in ji Marlys, tana ƙara masa dankali.

Ita dai a kwanakin nan har ƙiba ta yi. Ta koma waƙe-waƙenta a kicin. Tafiyar Florida da ta shekara biyu tana tanadi dominta, ta ce ta fasa, zafi ba ya yi mata. Ban da zuwa duba gidajen ƙawayenta na coci da suka gudu kudu saboda sanyi suka bar mata makullai, ba ta leƙa ko ƙofa.

Rosendo ya samu 'ya mace a Fabrairu, da aikinsa a hannu. Duane ya san wa ya kamata ya gode wa, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai.

Farkon Maris saƙo ya zo: ta yi tunani, duwatsun sun fi kyau a gabas, inda suke tun asali.

Duane ya yi jifa da hularsa cikin ƙanƙara. Ya ce yau sai ya ji muryar matar nan, ko da kamfanin zai rushe. Sa'a ta yi masa: a jikin buhunan da aka aiko musu, Rosendo ya ga takardar shago ɗauke da lambar wayar wadda ta saya.

Ya bar su a can, ya tuƙo a-kori-kurarsa gida da tsakar rana, ya faɗo kicin da takalma. Marlys na murza fulawa.

"Ajiye wannan ki saurara," ya ce. "Yau za ki ji yadda ake magana da mahaukata. Wata uku ina haɗiye ta."

"Ka tabbata, Duane?"

"Ko lauyanta ne ya ɗauka, sai ya sha."

Ya danna lambar, ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

Aljihun rigar girkin Marlys ya fara ƙara. Ta goge hannu a natse, ta zaro wata 'yar waya da bai taɓa gani ba, ta kara a kunne tana kallonsa ido cikin ido: "Madam Pruitt ce. Malam, me kake yi a gida war haka?"