Motar da Aka Ɓoye a Bayan Masu Taya

Dogo ya ajiye motar a bayan shagon masu taya, nesa da ofishin, inda ba wanda zai hango ta. Ya cire farar rigar da ke jikinsa ya ninke ta, ya sa wata tsohuwa mai yagaggen aljihu. Sannan ya danna maɓalli, ƙofar baya ta buɗe, gadar ƙarfe ta sauko a hankali har ta taɓa ƙasa.

"Baba, nan ba asibiti ba ne," in ji Auta daga cikin kekenta.

"Za mu je. Wani wuri za mu fara leƙawa. Kar ki faɗa wa Mama, kin ji? Kuma in mun shiga, ki bar min maganar."

Ita Auta ƙafafunta ne kawai ba sa aiki. Bakin nan kuwa, ko rediyo sai ya saurara mata.

Ofishin na wata gidauniya ne da ke taimaka wa iyaye su mallaki mota mai gada, wadda keken guragu ke shiga ba sai an ɗaga yaro ba. Dogo yana son ya samu irin motar nan saboda 'yarsa, so irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci. Ya yi ta zarya har maigadi ya daina tambayarsa wa yake nema. Duk abin da aka ce ya kawo, ya kawo. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya masa a maƙogwaro: sai sun ga yarinyar da idonsu. Kuma daga yau an rufe.

Ɗakin jiran ba taga, fanka tana ta juya zafi. Kusa da ƙofa wata mata ta goya ƙaton yaro, ƙafafunsa na jan ƙasa. Ta dubi keken Auta mai sheƙi, ta dubi takalmin Dogo, ta kau da kai. Wayarsa ta yi ta kuka a aljihu. Ya leƙa sunan, ya mayar da ita bai ɗauka ba.

Da aka kira su, wata malama mai gilashi ce a bayan tebur. Ta ga makaryata da yawa, kuma fuskarta ba ta ɓoye hakan ba.

"Shekarunta nawa?"

"Sha huɗu."

Auta ta buɗe baki, ya matsa kafaɗarta.

"Ta yi ƙanƙanta da sha huɗu."

"Haka jikinta yake, Malama."

"Yaya kuke fita da ita?"

A nan Dogo bai tsaya neman magana ba, ita ta zubo da kanta. Ya ce masu tasi da sun hango keke sai su ƙara wuta. Ya ce kwandasta cewa yake motarsa ba ta ɗaukar kayan ƙarfe. Ya ce a da yana goya ta ya sauko da ita daga bene, amma ta yi nauyi, shi kuma bayansa ya gama. Ya ce ta bar makaranta, duniyarta yanzu taga ce; maƙwabta ma ta saman kawunansu take gane su, ta san mai sanƙo, ta san mai sabon ɗankwali.

Auta ta saki baki tana kallonsa.

Malamar ta cire gilashi ta goge. Jikinta ya yi sanyi, kuma ba ta saba ba. Ta jawo hatimi kusa da ita, ta juya ga yarinyar da murmushi.

"To 'yan mata, yau ta yaya kuka zo?"

"A motarmu mana! Tana da gada, da maɓalli ake sauke ta. Baba ne ya ɓoye ta a bayan masu taya."

Hatimin ya koma inda ya fito.

"Gaskiya ne?"

Dogo ya ji bangon ɗakin ya matso. Akwai amsa a bakinsa, amma ta fi shirun muni. Za ta wanke shi daga ƙarya ɗaya, ta tona wadda ta fi ta girma, ta kuma tafi da abincin gidansa. Ya sunkuyar da kai.

"Ka ga matar can mai goyo? Haƙƙinta ka zo ci. Ka ji tsoron Allah, bawan Allah. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tura keken ta cikin ɗakin jiran, kowa ya ja ƙafa ya ba shi hanya. A bayan masu taya ya ɗaure keken da maɗauransa, ya mayar da farar riga, ya goge sitiyari da hankici.

"Baba, me ya sa ka yi ƙarya? Ai kullum kai kake kai ni makaranta."

"Ban yi ƙarya ba, Auta."

Ya kai ta asibiti a makare. Ya mayar da ita babban gidan da yake aikin direba, ya sha faɗan mamanta a tsaye yana "a yi haƙuri, ranki ya daɗe", ya rataye makullin a ɗakin maigadi. Ya shiga bas a tsaye har unguwarsu, ya hau benen nan mai duhu yana dafa ƙugu. 'Yarsa tana nan inda ya bar ta da safe, cikin tsohon keke a jikin taga, kuma tun daga saman kansa ta gane shi.

"Baba," ta ce, "sun yarda su ba mu, ko da ba su gan ni ba?"