Shafuka Ukun Ƙarshe na Littafin Bakari

Saran farko a kafaɗa ya samu Jonathan, yana duƙe yana noman gyaɗa. Bai ma ga mai addar ba sai da ya faɗi.

Rufa'i ne, mahauci daga Injamena. Kwana biyu ya yi a hanya, ya sauka Mubi, keke napep ya kai shi inda taɓon unguwar Kolere ya ce ya isa, ya ƙarasa da ƙafa. Tambaya ɗaya ya yi wa mutane: ina gonar gidan su Zira?

Abin da ya kawo shi yana aljihunsa, littafin marigayi kakansa Bakari. Shekara tara Bakari ya yi a Kumasi yana gwauro, sannan a 1974 ya zo ganin gida, yana rubuta komai: motocin da ya hau, kogin da ya haye, kukan da uwarsa ta yi da ta gan shi. Rubutu tsaf, gwanin kyau.

Shafuka ukun ƙarshe ne suka cinye Rufa'i tun yana ɗan makaranta. Nan rubutun ya karkace, ya zama kamar tonon kaza. Zira, ƙanen Bakari, ya tare shi a gona da gatari saboda gado. Sara ɗaya a wuya, biyu a baya, har da ƙarar da ƙashi ya yi. Da ƙyar, in ji littafin, ya tsira da jakarsa. Bai koma Kumasi ba, ya nufi Cadi inda ba wanda ya san shi, ya yi aure. Har ya mutu, in aka ambaci Mubi sai ya tashi ya bar wurin.

To wa zai karanta wannan ya haƙura? Rufa'i dai bai haƙura ba.

Jonathan ya rarumi fartanya, Rufa'i ya take hannun da ƙafa har ya yi ƙas. Jini ya jiƙa kunya. Rufa'i ya sake ɗaga adda.

"Jinin Zira! Yau za ku biya abin da kuka yi wa Bakari!"

Wata tsohuwa ta taho daga bakin gona tana tuntuɓe, ta faɗa kan Jonathan. Susanna ce, uwarsa, autar su Bakari. Ta ɗago za ta roƙi baƙon, sai idonta ya sauka a kansa. Ta daɗe tana kallon fuskarsa.

"Zira bai bar ɗa a garin nan ba," ta ce. "Wannan nawa ne."

"Ni jikan Bakari ne, Kaka. Matsa!"

"Bakari bai haihu ba, ɗana. Ni na wanke jinin wuyansa, a gonar nan muka binne shi. Zira da ya sare shi ne ya gudu da jakarsa, da littafinsa a ciki, kuma ga fuskarsa nan ka dawo mana da ita."