Guntayen Bututun Mai Tumatir

Barira ta kai wa malaminta na kwamfuta kukan wata tambaya. An ba ta jerin lambobi, an ce ta gano hanya nawa za a tsinci wasu daga ciki su haɗu su ba da wata jimla. Ta rubuta manhaja mai gwada kowane haɗi, kwamfuta ta yi ta juyi, amsa ta ƙi fitowa. Malam Sadisu ya ce ta zauna ta ji misali.

Wani manomin rani yana da injin ban-ruwa a bakin rafi, gonar tumatirinsa kuma tana can gaba. Abin da ya mallaka guntayen bututu ne na ƙarfe, kowanne da tsawonsa, kuma dole haɗinsu ya tsaya daidai bakin gona: in ya gaza ruwa ya bi ƙasa, in ya zarce ya kwantar da shuka. Ana haka maƙwabcinsa, wanda albasarsa ta fara sunkuyawa don ƙishi, ya zo aron bututu mafi tsawo. Manomin ba ya son hana shi, ba ya kuma son ya bayar ya rasa yadda zai shayar da tasa gonar. Ya shiga jan ƙarafa, ya haɗa waɗannan ya kwance, ya haɗa waɗancan. Rana ta take, kafaɗa ta yi tsami, sai ya lura haɗin da ke gabansa ya riga ya gwada shi tun da hantsi.

Sai ya bar ɗaukar ƙarfe. Ya ja layi a ƙasa daga inji zuwa gona, ya yi alama a kowane taki, ya ajiye tsakuwa ɗaya a gindin inji, don nan ana isa ko ba bututu. Ya auna bututu guda. A kowace alama sai ya waiwaya baya gwargwadon tsawonsa. Yawan tsakuwar da ya gani a can, shi yake ƙarawa a nan, domin duk hanyar da ta kai can, da wannan bututun za ta kai nan. Daga bakin gona yake farawa yana dawowa, kada ya lissafa bututu ɗaya sau biyu. In ya gama da wannan ya ture shi gefe, ya auna wani. Dogon ya bar shi ƙarshe. Kafin ya zo kan dogon, tsakuwa uku sun taru a bakin gona, wato hanya uku ke nan da ba su bukatarsa.

"Ɗauka, maƙwabci," in ji shi. "Ko ɗaya ya tsage, ina da mafita."

Kafin la'asar ruwa ya shiga tumatir, ya shiga albasa.

Malam Sadisu ya ce mata ta daina tara haɗe-haɗe. Kowace jimla ta riƙe adadin hanyoyin da ake isa gare ta, lambobi su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowace sabuwa ta nemi amsarta a wurin da aka riga aka wuce.

"Manomin nan bai ƙara ƙarfi ba, Barira, baya kawai ya riƙa dubawa. Shi ya sa Hausawa suka ce waiwaye adon tafiya."